Alfarma daban, haƙƙi daban

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka ari motar abokin aikinka a kan za ka mayar da yamma, sai bayan kwana biyu ka kai masa, tun daga ranar yake ja da baya da kai. Kana tambaya ko wannan yawan godiya da ban-haƙuri ba tsohon yayi ba ne, tunda ba ka zage shi ba.

Ba sai da zagi ake rashin ladabi ba. Mafi yawansa daga wuri ɗaya yake tasowa: mutum ya ɗauki alfarma tamkar haƙƙinsa. Haƙƙi shi ne abin da kake bin wani, kamar albashinka ko bashin da ka bayar, wannan ka nema kai tsaye cikin mutunci. Alfarma kuwa mai abu yana da damar hanawa, kuma bai yi maka laifi ba.

In za ka roƙi abu, fara da gaisuwa, ko da a saƙon waya ne. Sannan ka faɗi abu uku: me kake so, don me, yaushe za ka mayar. Ka ƙara da "in babu hali, ba komai", kuma ya kasance har zuciyarka. Kada ka roƙa a gaban mutane, domin kunya za ta sa ya bayar alhali ransa bai so ba, ya riƙe ka a zuci. Saƙo ɗaya ya isa, ka ba shi yini guda. Kira biyar a jere matsi ne.

Wurin mayarwa ne aka fi faɗuwa, kai ma nan ka faɗi. Da ka ga ba za ka cika alkawari ba, sai ka kira kafin lokacin ya yi. Wanda aka sanar da wuri zai sake shiri, wanda aka bari yana jira kuwa gani yake an raina shi, ga shi an tilasta masa ya yi ta bibiyar kayansa kamar shi ne mai roƙo. Wannan ya fi jinkirin kansa ciwo. Mota a mayar da ita a wanke, mai yadda aka same shi ko fiye. In ta ƙwarzane, kai za ka fara nuna masa wurin da yatsanka, ka ɗauki nauyin gyara. Kuma abin aro ba a ara wa wani.

Godiya sau biyu ake yi: lokacin miƙa makulli, da kuma washegari, sa'ad da ba ka neman komai. Ta biyun ita mutane ke riƙewa. Annabi (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

In an hana ka, kada ka nemi dalili, kada ka sauya fuska. Gobe ka gaishe shi yadda ka saba.

Yanzu ka je ka same shi shi kaɗai, ba ta waya ba. Ka ce, "Na saɓa alkawari kuma ban kira ka ba, ka yi haƙuri." Kada ka biyo da "ai". Ka tambaye shi ko rashin motar ya jawo masa kashe kuɗi, ka biya. Sannan ka ɗauki lokaci ba ka nemi komai a wurinsa ba.