Kwalba nawa doka ta yarda a sha kafin a yi tuƙi a ƙasar waje?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata mai zuwa zan yi tafiyar aiki zuwa Jamus, zan ɗauki motar haya in ratsa Jamhuriyar Cek in shiga Polan. In an yi liyafa da abokan hulɗa nakan ɗan kurɓi giya, ba da yawa ba. Wani abokina ya ce a Turai kwalba biyu ba laifi ba ne. Gaskiya ne? Nawa zan sha ban taka doka ba?

Amsa: Malam, tambayarka ta doka ce da lafiya, a kansu zan tsaya. Shawarar abokinka za ta iya kwanar da kai a hannun 'yan sanda, domin babu ƙasar da dokarta take ƙirga kwalabe. Abin da ake aunawa shi ne yawan barasar da ke cikin jininka a daidai lokacin da ɗan sanda ya tsayar da kai ya miƙo maka na'urar hurawa.

Hanyar nan da za ka bi, ƙasa uku ce, doka uku. A Jamus iyaka giram 0.5 ce a kowace litar jini. Wanda ya kai nan a karon farko zai biya tarar yuro 500, a kuma hana shi tuƙi wata guda. Sai dai akwai tarkon da baƙi ba su cika sani ba: tun daga 0.3, in aka ga motarka tana tangaɗi ko ka yi hatsari, magana ta bar tara ta koma kotu. Kana tsallake iyaka ka shiga Cek, lissafi ya koma sifili, ko ɗigo ba a yarda ba. A Polan kuma 0.2 ce, wadda rabin kwalba ma kan iya kai mutum. Ka ga abin da ka sha a teburin liyafa a Jamus kana cikin doka, bayan tuƙin awa ɗaya zai iya zama laifi, alhali kai ne, motar ce, jinin ne.

Lambobin ma suna ruɗa mutane. In ka ga 0.5, ko kashi 0.05 cikin ɗari, ko miligiram 50, duk abu guda ake nufi, ma'aunin ne ya bambanta. Ingila tana kan 0.8, amma Sukotlan, da titi ɗaya ya haɗa su, ta sauko zuwa 0.5 tun Disamba 2014. Amurka 0.8 ce, ban da jihar Yuta da ta koma 0.5 a ƙarshen 2018. Suwidin da Norwe 0.2, Hungari da Romaniya da Sulobakiya sifili, haka Dubai. A Japan har fasinjan da ya san direba ya sha kuma ya shiga motarsa ana hukunta shi. Sabon direba kuma dokarsa daban: a Jamus sifili ce ga wanda bai kai shekara 21 ba ko yake cikin shekara biyun farko da samun lasisi.

Ga dalilin da ya sa ba zan ba ka adadin kwalba ba. Kwalbar giya ta rabin lita mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 20 na zallar barasa. Bisa lissafin da masanin nan ɗan Suwidin, Erik Widmark, ya fitar a 1932, namiji mai nauyin kilo 70 zai iya kai wajen 0.4 da kwalba ɗaya tak. Mace mai kilo 55 za ta iya haura 0.6, saboda ruwan jikin mace da barasa ke bazuwa a cikinsa bai kai na namiji ba. Kwalba biyun abokinka ke nan sun kai namijin wajen 0.8. Wannan ma a takarda ne. In cikinka wayam yake barasa takan shige jini da sauri, in ka ƙoshi takan yi jinkiri, har ta ci gaba da hawa bayan ka tashi daga tebur ka kama sitiyari. Ga gajiyar jirgi, ga maganin mura ko na barci in kana sha. Ga kuma mai masauki da ke ƙara maka ruwan inabi a kofi tun bai ƙare ba, ka rasa ko kofi na biyu kake ko na huɗu.

Abin da ya fi damuna shi ne washegari da safe, don a nan ake kama masu hankali, waɗanda suka bar mota suka hau tasi da dare. Hanta ce ke narkar da barasa, kuma ba ta gaggawa: wajen giram 0.1 zuwa 0.15 take ragewa daga kowace litar jini a awa guda. Mutumin da ya kwanta ƙarfe sha biyun dare da 1.2 a jininsa, in ya tashi ƙarfe shida zai iya kasancewa tsakanin 0.3 da 0.6. Ya yi wanka, ya goge baki, ya sha kofi mai zafi, yana jin kansa garau, amma a Cek da Polan ya riga ya karya doka tun bai fita daga harabar otal ba. Kofi da ruwan sanyi da barci ba sa hanzarta aikin hanta, barcin ido kawai suke korewa.

Kada kuma ka ɗauka ƙasa da iyaka na nufin lafiya lau. Tun daga 0.2 hankali ke fara kasa rabuwa tsakanin abu biyu a lokaci guda, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar kada iyaka ta wuce 0.5, sabbin direbobi kuma 0.2. Kai kuwa baƙo ne. Alamomin hanya ba da harshenka aka rubuta su ba, motar ba ka saba da ita ba, kuma a wasu sassan manyan titunan Jamus babu iyakar gudu. Motar da ka hango a madubi kamar ɗigo, kafin ka gama shawarar sauya layi tana bayanka tana haska maka fitila. Rabin daƙiƙar da giya ta ci maka a nan zai iya jawo asarar rai.

In an kama ka, asarar ba tara kaɗai ba ce. Yarjejeniyar motar haya takan cire kariyar inshora ga direban da ya sha, kuɗin gyara ya dawo wuyanka. Hukuncin kotu kuma yana bin mutum wajen neman biza. Kanada ma tun Disamba 2018 ta sa tuƙi cikin maye a sahun manyan laifukan da ke hana baƙo shiga ƙasar. Ƙin hura na'urar ba mafita ba ne, a Ingila da Faransa shi kansa laifi ne mai hukunci.

Shawarata gare ka ita ce, ranar da za ka tuƙa kada ka sha ko kaɗan, daren da za ka yi sammako ma haka. In liyafar ta zama dole, bar motar a otal ka hau tasi ko jirgin ƙasa, ka ɗaga tafiyar washegari zuwa yamma. In kuma aka kawo maka giyar da aka rubuta wa alkoholfrei (wato marar barasa) a Jamus, duba jikin kwalbar, domin wasu suna da barasa har kusan kashi 0.5 cikin ɗari. Tunda Cek ce a gabanka, nemi wadda aka rubuta 0,0 a jikinta, ko ka sha ruwa.