Me ya sa ake sanyaya iskar bayan an ƙona amoniya?

Malam, ka ce kana karanta yadda masana'antu ke haɗa nitirik asid daga amoniya, amma ka kasa gane dalilin da ya sa ake zafafa iskar sosai, sannan a dawo a sanyaya ta. Tambayar nan ita ce ƙashin bayan tsarin da masanin sinadarai Wilhelm Ostwald ya yi wa rajista a 1902.

Da farko ana gauraya amoniya da iska, amoniyar ta zama kusan kashi 10 cikin 100, a hura ta cikin wata raga ta ƙarafan filatinam da rodiyam, siririya kamar rariyar tankaɗe, mai zafin kusan digiri 900. Ragar ja jawur take yi. A cikin wannan zafin ne amoniyar ke ƙonewa, a samu iskar naitirojin monoksaid (NO) da tururin ruwa, cikin ƙiftawar ido. In iskar ta daɗe a kan ragar, naitirojin zalla za ta koma, an yi asara ke nan.

Mataki na biyu kuwa sanyi yake so. Sai NO ya huce yake haɗuwa da oksijin da kyau ya zama naitirojin dayoksaid (NO2), hayaƙin nan mai ruwan ƙasa-ƙasa. Daga nan a shayar da shi cikin ruwa a doguwar hasumiya, a samu asid, NO ɗin da ya sake fitowa kuma a mayar da shi cikin tsarin.

Ɗalibai na yawan rikita wannan da tsarin Haber. Haber amoniyar yake samarwa.

Don Allah kada ka gwada a gida. Hayaƙin NO2 yana ɓata huhu, wani lokaci sai bayan sa'o'i ciwon ke bayyana. Gwaji sai a ɗakin gwaje-gwaje, gaban malamin sinadarai.