Namiji mai manyan ƙahoni, ko uwa da ɗanta?

Tambaya: Ina koyon zanen tambari. Na ga ƙungiyoyin kare namun daji a Kanada suna yawan sa hoton wata dabba da ake kira karibu. Ta yaya mutum zai gane daga zanen cewa da gaske ƙungiya ta damu da dabbar, ba ado kawai take yi da ita ba?

Amsa: Malama, fara duba kan dabbar. Karibu barewa ce ta ƙasashen ƙanƙara, kuma a duk danginta ita kaɗai ce mace ma take da ƙaho. Manyan mazan suna zubar da nasu bayan barbara, farkon hunturu. Mace mai ciki kuwa tana riƙe da nata har ta haihu, wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, don da shi take kare ramin da ta tona a dusar ƙanƙara tana neman gansakukar da take ci. To idan kin ga an zana ƙaton namiji shi kaɗai, ƙahoni sun cika hoton, da idon maharbi aka kalle shi. Wanda ya san inda gizo yake saƙa, uwa da ɗanta zai zana, ko garke a kan tafiya, domin abin da ake faɗa a kansa shi ne wurin haihuwa da hanyar ƙaura.

Ɗauki garken karibu da ake kira Porcupine. Yana haihuwa ne a gaɓar tekun arewacin Alaska, filin da aka shekara da shekaru ana jayayya a kan haƙar mai a cikinsa. 'Yan ƙabilar Gwich'in, waɗanda abincinsu ya rataya a kan wannan garke, suna kiran filin wuri mai tsarki inda rayuwa take farawa, kuma tun 1988 suka kafa kwamiti don kare shi. Maganarsu duka a kan uwa ce da jariri.

Sai ƙafa. Kofaton karibu faffaɗa ne, da shi take tafiya a kan ƙanƙara, take iyo, take tono. Sunan ma daga harshen Mi'kmaq, wata ƙabila ta gabashin Kanada, ya fito, ma'anarsa mai tonon ƙanƙara. Mai zanen da ya ba ta siririyar ƙafa irin ta gada bai taɓa kallonta da kyau ba.

Kada dai zane ya ruɗe ki. Tun 1937 kan karibu yake a kwabon santi 25 na Kanada, aikin Emanuel Hahn, yana yawo a aljihun kowa. Wannan bai hana garken karibu na Bathurst, da ke arewacin Kanada, faɗuwa daga wajen 470,000 a 1986 zuwa kimanin 6,200 a 2021 ba. Ni kam, bayan na gama kallon tambari, shafin rahotannin ƙungiyar nake buɗewa in ga ko suna kawo ƙidayar garke, kuma ko mutanen yankin suna da kujera a hukumarsu.