Jan silikon a bakin kes

Kai yaro, me ka ce? In za ka rufe kes, wato ɓari biyun gangar injin babur, gasket za ka sa a tsakani ko gam, ko ka haɗa biyun don ya fi kamawa? Wannan "don ya fi kamawa" ita ta ci mini karanshaf, ƙarfen da fistan ke juyawa a cikin kes, sabo fil.

Wani mutum ya kawo mini babur. Na sauke injin, na canza ringi da boris, na rufe kes, ya hau abinsa ko ɗigon mai babu. Bayan 'yan makonni sai ga shi yana turo shi, har da 'yan rakiya, wai injin ya buga kuma aikina ne. Ya tara mini jama'a, yana ta rantsuwa babu hannun da ya taɓa injin bayan nawa. Aka sa baki, aka ce in yi haƙuri in gyara, na yarda a gaban mutane. Da na raba kes ɗin, me zan gani? Jan silikon, an lafta shi kamar ana yaɓen ɗaki. Ni da ban taɓa sa ja a kes ba! Ashe ya kai wa wani ya buɗe. Da aka ɗaure noti, rarar ta matso ciki, ta gutsuttsure, ta toshe rariyar mai. Baƙin mai ya daina zagayawa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Na nuna masa, ya kau da kai, ya ce alkawari alkawari ne. Karanshaf da fistan daga aljihuna suka fito. Har yau in ya wuce sai ya ɗaga mini hannu, marar kunya.

To, ka ji. Injin da ya zo da gasket, sa masa sabon gasket irin nasa, don a wasu injinan kaurinsa ne ke ba karanshaf ɗan sararin motsi. Wanda ya zo ƙarfe da ƙarfe, shi ake shafa wa gam na kes, irin ThreeBond 1184 ko Loctite 518, kaɗan, ɓari ɗaya, nesa da hanyar mai. Silikon ba ya shiri da fetur.

Wanke fuskar kes da sauransu, in sai na faɗa maka, ka koma gida. Amma in na ƙara ganin ka kana kankare alminiyam da sukurudireba, za mu ɓata. Noti kuwa gicciye ake bi, a hankali, ana juya karanshaf a ji bai cije ba.

Injin da ake haɗa wa baƙin mai da fetur ya fi tsanani. In kes ko sil, robar da ke tare mai da iska a bakin karanshaf, ya sha iska, zai yi zafi fistan ya kama. Ana toshe ƙofofinsa a hura iska wajen psi 7 a ma'aunin iska, a shafa ruwan sabulu a duba kumfa. Ku yaran yanzu ina kuka ga wannan haƙurin? Hannu ɗaya sifana, ɗaya waya.

Ajiye wayar nan, ɗauko mini sil.