An ƙone gawar yayana a Ingila: ya zan yi da tokar?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Landan ya rubuto cewa yayansa ya rasu a wani gari na arewacin Ingila. Kafin labari ya iso shi, matar mamacin, Baturiya, ta sa an ƙone gawar. Yanzu tokar na ɗakinta kusa da ta karensu da ya mutu bara, tana son watsa su tare a bakin teku, amma ta ce in yana so a raba a ba shi rabi. Tsohuwarsu na Katsina, ta ji rasuwar, ba ta ji ƙonawar ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa, fara da danne zuciyarka, domin baiwar Allahn nan ba cin mutunci ta yi niyya ba. A Birtaniya kusan takwas cikin goma na mamata ƙone su ake yi, abin da ta tashi ta gani ke nan. Ga kuma doka: a Ingila gidan ƙona gawa na miƙa toka ne ga wanda ya sa hannu a takardar neman ƙonawa. Wato abin yana hannunta. Ka ɗaga murya, ta rufe ƙofa, babu ɗan sandan da zai buɗe maka. Da lallami za ka samu.

Abin da ke cikin tukunyar nan ba tokar murhu ba ce. Ƙasusuwansa ne da suka rage aka niƙa, kilo 2 zuwa 3 in babban mutum ne. Hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, don haka ragowar ɗan'uwanka na da alfarmar gawa. Shawarata ita ce kada ka yarda a raba, kada a watsa, kada a ajiye a cikin ɗaki. A naɗe a farin ƙyalle a binne wuri guda. Ka ce mata kana so ita ma ta sami kabarin da za ta riƙa ziyarta, a sa dutse da sunansa. Wannan maganar ta fi shiga kunnen Bature fiye da wa'azi. Tokar kare kuwa tata ce, ta kai ta teku in tana so, kada ka kushe mata. Roƙonka kawai kada a gauraya.

Maƙabartun ƙaramar hukuma na sayar da ƙaramin fili don binne toka, za su nemi takardar shaidar ƙonawa. Ka tafi da limamin masallacinku ya tambaya ko sashen Musulmi zai karɓa. Ku zaɓi wurin da kyau, domin a Ingila in an binne, ko toka ce, ba a tono ta sai da izinin hukuma. Batun sallah, malamai sun saɓa kan sallar ga'ib, wato sallar jana'iza ba tare da gawa a gaba ba: masu yi na kafa hujja da wadda Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, Malikiyya ba sa yi. Ka bi abin da malaminku ya ce. Laifin ƙonawa dai ba ya kan mamacin da bai yi wasiyya da shi ba.

Na san zuciyarka na raya maka ka kai shi Katsina. Ana iya yi: za ka buƙaci takardar shaidar mutuwa, ta ƙonawa, da akwatin katako ko roba da na'urar filin jirgi za ta iya leƙa cikinsa, bayan ka tambayi kamfanin jirgin da ofishin jakadancin Najeriya. Amma ban ba ka shawara ba. Za ka sauka da ɗan akwati a gaban tsohuwa da 'yan unguwa, surutun da zai biyo baya ya fi ta'aziyyar yawa. Kuɗin tikitin ka biya masa bashi, ka haƙa rijiya da sunansa.

Tsohuwa kuma kada ka yi mata ƙarya, kada kuma ta ji a bakin 'yan WhatsApp. Bari sai an binne, ka kira kawunku ko wani dattijon da take jin nauyinsa, ya zauna da ita ya faɗa mata an binne shi, an yi masa addu'a, sauran bayani gwargwadon abin da ta tambaya.

Saura kai. Rubuta wasiyya tun da sauran numfashi, ka faɗi ƙarara cewa a yi maka wanka da sallah a binne ka. A dokar Ingila wannan buri ba ya ɗaure kowa; wanda ka naɗa ya zartar da wasiyyar shi ke da ta cewa kan gawarka. Saboda haka ka naɗa Musulmin da ka amince da shi, ka ba limami kwafi, ka shiga asusun jana'iza in masallacinku na da shi, sannan ka ba wurin aikinka da asibitin unguwarku lambar wanda za a fara kira.