Tambaya da Amsa: Littafin gyara ya cika, amma ba ya amsa tambaya

Tambaya: Malam, ni ke kula da gyare-gyare a wata tashar ɗura iskar gas a Idu, Abuja. Muna rubuta duk gyaran da muka yi, amma da aka tambaye mu sau nawa bawul ɗin rufe gas na gaggawa ke ƙin aiki, sai muka yi tsuru-tsuru. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, littafinku na rubuta magani ne, ba ya rubuta ciwon. Bawul ɗin gaggawa yana iya maƙalewa wata da watanni ba wanda ya sani, tunda a buɗe yake kwana. Ranar gwaji kaɗai asirinsa ke tonuwa. To idan makanike ya riga ya shafa masa giris, ya ɗan bubbuga shi kafin a gwada, an shafe shaida ke nan. A fara gwadawa yadda aka same shi, a rubuta: ya rufe ko bai rufe ba, cikin daƙiƙa nawa, yana yoyo ko a'a. Sannan a taɓa shi.

Kowane bawul ya samu lambarsa, da ranar da aka ɗaura shi. A daina rubuta "an gyara" kawai. A faɗi abin da ya lalace da dalili: ruwa ne ya taru a bututun iskar kwamfaresa, ƙurar hunturu ce ta toshe matata, ko roba ce ta bushe? Tsarin ISO 14224, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tattara bayanan lalacewa da gyara a masana'antun mai da gas, ya raba waɗannan daki-daki.

Wanda ya ci gwaji ma a rubuta shi. Nan ne yawancin mutane ke sakaci, alhali sai da shi lissafi ke fita. Misali, bawul 20 na shekara 5 sun haɗa shekarun aiki 100. Idan sau 2 aka samu wani ya ƙi rufewa, kashi 2 cikin 100 ke nan a shekara. Da gwajin shekara-shekara, yiwuwar ya ba ku kunya ranar gobara kusan 1 cikin 100 ce, domin lalacewar kan ɓuya wajen rabin tazarar gwaji. Ku mayar da gwajin duk wata 6, ta koma wajen 1 cikin 200.

Idan kun canza bawul, ku rufe tarihin tsohon, ku buɗe wa sabon shafinsa, ko da a gurbi ɗaya suka zauna.