Motsin bayan a-kori-kura ba karyewar shasi ba ne

Malam, ka ce in tsohuwar Hilux ɗinka ta ɗauko shinkafa daga fadamar Argungu, bayanta kan karkata daban da kan motar, ko shasi (ƙarfen ƙarƙashi mai ɗauke da jikin mota) ya karye? A'a. Kai daban aka ɗaure shi, baya daban, shasi kuwa yakan ɗan murɗa a gargada ya dawo daidai.

Amma in a shimfiɗaɗɗen wuri ma a karkace take tsayawa, to da magana. Wanke lakar ƙarƙashi, ka bi shasin da guduma, musamman wajen maɗaurin sifirin na baya. Inda ƙarar ta mutu, ɓawo yana zuba, tsatsa ta ci ta ciki. A tawa nan ta ɓulla, don takin zamani nake dako, shi kuwa cin ƙarfe gare shi.